Na-Gane Ya Tashi Ya Bar Adireshinsa

Akwai wani mai gyaran kujeru da kowa ke kira Na-Gane. Ba iyayensa suka raɗa masa wannan suna ba, bakinsa ne ya jawo masa. Idan ka fara yi masa bayani, kafin ka kai tsakiyar magana zai ɗaga hannu ya ce, "Na gane, na gane," ya juya ya ci gaba da abin da yake yi. Likita ya sha wannan hali, mai koya masa tuƙi ya sha, maiɗakinsa kuwa ta sha har ta gaji da ƙorafi. Abin da ya ƙara ɓata shi, a sana'arsa da gaske yake ganewa. Ka kawo masa kujerar da ta lotsa, ya danna ta da tafin hannu sau ɗaya, zai gaya maka ko soso ne ya mutu ko katako ne ya tsage daga ciki. Shekara ashirin yana wannan aiki ba a taɓa dawo masa da kujera ba, shi ya sa ya ɗauka kowane abu a duniya haka yake da saurin fahimta.

Shagonsa ɗan ƙarami ne a cikin wani lungu bayan gidan mai. In an shigo da doguwar kujera ɗaya, sai an fitar da keken ɗinki waje kafin mutum ya sami wurin juyawa. Waɗanda suka san shi ba sa zuwa wurin kowa, amma waɗanda suka san shin ba su da yawa, kuma kujerar da ya gyara ba ta saurin lalacewa balle mai ita ya dawo.

Yana da ƙanwa, autar ɗakinsu, wadda aikinta shi ne buɗe wa masu ƙananan sana'o'i shafi a intanet. Wata rana Auta ta zo gaishe shi, ta tarar da shi zaune yana korar ƙuda da guntun yadi. Ta ce masa mutanen yanzu in kujerarsu ta lalace ba maƙwabci suke tambaya ba, waya suke ɗauka su rubuta "mai gyaran kujera kusa da ni", wanda sunansa ya fito shi za su bi. Na-Gane ya ce ya gane. Auta ta san halin yayanta, don haka ba ta tsaya jayayya ba, ta shiga aiki.

Ta ɗauki hoton kowace kujera kafin gyara da bayan gyara. Ta hana shi sa hotunan kujerun wasu da ya gani a mujalla, ta ce aikin hannunsa ya ishe shi ado. Ta rubuta abin da yake yi da irin kalmomin da mutane ke nema da su: canjin soso, sabon yadi, ɗinkin fata, kujerun ofis. Ta sa lambar waya da lokacin buɗewa da na rufewa. Daga nan ta sa shagon a taswirar da ke cikin wayar kowa, ta dasa 'yar jar alama daidai bakin ƙofarsa. Ta kawo masa wata tsohuwar kwamfuta ta ajiye a kan teburin awo, ta rubuta masa lambar sirri a takarda, ta nuna masa yadda zai ƙara hoto. Ta kuma roƙi tsofaffin abokan cinikinsa su rubuta abin da suka sani game da aikinsa, suka rubuta yabo, suka jera masa taurari biyar-biyar.

Wata biyu ba su cika ba waya ta fara ruri kamar ana biyanta. Motoci suka riƙa kutsowa cikin lungun da ko keke da kyar yake wucewa. Mutumin da bai taɓa ganin Na-Gane ba zai sauko daga mota da waya a hannu, ya dubi allon da ke saman ƙofa, ya ce, "Yauwa, nan ne." Kujeru suka cika shago, suka cika baranda, har mai gidan mai ya aiko a rage masa hanya. Na-Gane baki har kunne. Yana buga ƙusa yana waƙa, yana auna yadi yana dariya shi kaɗai. In ya koma gida sai ya hana kowa sakat da labarin wanda ya zo daga wancan ƙarshen gari, taswira ta kawo shi har ƙofa ba tare da ya tambayi kowa ba. Kwamfutar nan kuwa ya mayar da ita 'yar lele. Ya ɗinka mata riga da ragowar yadi mai tsada, kullum da safe sai ya goge ta kafin ya goge takalminsa. A ransa ya riga ya yanke hukunci cewa shafin nasa da taswirar da taurarin duk a cikin wannan akwati suke zaune, kuma ita ce ke kiran mutane.

Da aiki ya fi ƙarfin lungu, sai ya kama wani makeken shago a bakin sabon titi, can wani ɓangaren gari. Ƙofa biyu, gaban gilashi, da fili a baya inda babbar mota za ta iya juyawa. Ya sa aka yi masa sabon allo mai fitila. Tsohon allon ya bar shi a maƙale inda yake, ya ce bai dace da gilashi ba.

Ranar tashi, Auta ba ta gari, ta tafi wani kwas na wata shida. Aka loda keke da katako da tulin soso a bayan mota. Ma'aikatan mota suka miƙa hannu za su ɗauki kwamfuta, Na-Gane ya daka musu tsawa. Shi da kansa ya rungumo ta, ya shiga gaban mota, ya ɗora ta a kan cinya. Suna cikin tafiya Auta ta kira, ta yi masa murna, sannan ta ce, "Yaya, maganar adireshi. Ka san in ka tashi dole a shiga a canza shi a taswira, a ja jar alamar nan zuwa…"

"Na gane, na gane, Auta. An gama da wannan. Ga ta nan ma a kan cinyata."

Mota na ƙara, iska na kaɗawa, Auta ta ji "an gama", ta ɗauka ya buɗe kwamfuta ya gyara kamar yadda ta taɓa ƙoƙarin nuna masa. Ta ce madalla, ta kashe waya ta koma aji. Shi kuma ya shafa rigar kwamfuta yana murmushi, yana mamakin yadda masu ilimin zamani ke wahalar da kansu. In ka ɗauko akwatin da shago ke ciki, ai shago ya biyo ka.

Tsohon shagon bai yi mako a rufe ba wani ya kama shi. Wani mutum ne da ake kira Mai Gemu, shi ma gyaran kujera yake taɓawa, irin taɓawar da in ka zauna da ƙarfi za ka ji ƙusa ta gaishe ka. Ya ga allo a saman ƙofa bai cire ba, tunda ba shi ya maƙala ba. Washegari mota ta tsaya, wata mata ta sauko da waya a hannu, ta dubi allo, ta ce nan ne. Mai Gemu ya ce bismillah, a shigo da kaya. Kafin azahar wata motar ta zo. Mai Gemu ya ga tsuntsu daga sama gasasshe, bai tambayi wanda ya gasa ba.

A can sabon shago, makon farko ya wuce cikin shagali. 'Yan uwa da abokai suna ta zuwa ganin gilashi da fitila. Tsofaffin abokan ciniki da suka san fuskarsa suka kira shi a waya ya yi musu kwatance, suka zo. Amma baƙin nan masu saukowa da waya a hannu suka ɗauke kamar ruwan sama. Wayar tana ruri yadda ta saba, a tambayi farashi, a ce ana zuwa, shi kuma ya amsa da alfahari, "Ba sai na yi kwatance ba, bi taswira kawai, har ƙofa za ta kawo ka." Sai ya tsaya a bakin gilashi yana jira, shiru kake ji.

Maiɗakinsa ta ce ruwa ba ya tsami banza, ya kira Auta ta duba masa. Ya ce yarinya tana karatu, kuma shi ya riga ya gano matsalar. Sabon shago ya yi nisa, kwamfutar kuwa tsohuwa ce, muryarta ba ta kaiwa. Ya tashi takanas ya tafi wurin mai sayar da kwamfutoci ya ce a ba shi wadda ta fi kowace ƙarfi. Mai kantin mutumin kirki ne, ya tambaye shi aikin da zai yi da ita. Da ya ji, sai ya fara bayyana masa cewa ƙarfin kwamfuta ba ruwansa da fitowar shago a bincike, shafi ba a cikin kwamfutar mutum yake zaune ba, yana can a ajiye a wasu manyan na'urori na kamfanin da ke riƙe da shi. Bai kai aya ba Na-Gane ya ɗaga hannu. Mai kanti ya ga ciniki na neman kufce masa a kan gaskiyar da ba a son ji, ya naɗe masa wata ƙatuwa mai fanka uku da fitilu masu canza launi, irin wadda matasa ke wasanni da ita.

Kwana biyu da kunna ta, sai ga kira daga wata Hajiya, manajar wani babban otal. Ta ce ta ga hotunan aikinsa da yabon da mutane suka rubuta, tana da kujeru sittin na zauren taro da take so a sake musu soso da yadi kafin wani babban taro da za a yi ƙarshen wata. In aikin ya yi kyau, kujerun ɗakuna ɗari da ashirin suna biye, kuma duk shekara shi zai riƙa duba musu. Suka daidaita a kan farashi da launin yadi. Ta ce za ta rubuta komai a takarda ta ba direba ya kawo tare da kujerun ranar Litinin, sannan ta nemi kwatance.

"Ranki ya daɗe, direba ya bi taswira kawai. Ko makaho ne za ta kawo shi."

Yana ajiye waya ya yi tsalle ya dira kamar ba mai jikoki ba. Ya rungumi sabuwar kwamfuta ya ce da ma ya faɗa, ga shi tun ba a je ko'ina ba ta kirawo otal sukutum. Ya kira maiɗakinsa, ya kira abokansa, ya kira har wanda suka yi shekara ba sa magana. Wannan shi ne aikin da ya yi shekara ashirin yana jira, aikin da zai fitar da shi daga sahun masu facin kujera ya shigar da shi sahun waɗanda ake kira a ofis. Ya sayo bandir-bandir na yadi ruwan zuma. Ya cika bayan shago da soso har rufi. Ya ɗauko ƙwararrun maɗinka uku daga wuraren da suke aiki, ya ce su baro can, nan aiki ba zai yanke ba. Aka wasa almakasai, aka zuba wa kekuna mai, aka share filin baya aka yayyafa ruwa saboda motar otal.

Litinin ta zo, ya sa sabuwar riga ya tsaya a bakin titi. Duk babbar motar da ta ɓullo sai ya ɗaga mata hannu, ta wuce. Talata haka, Laraba haka. Ran Alhamis ya kira otal, sakatariya ta ɗauka. Ta ce Hajiya ta yi tafiya sai nan da kwana goma, amma game da kujerun…

"Na gane, na gane. Sai ta dawo. Manya ba a matsa musu."

Ya kashe waya ya gaya wa maɗinka su kwantar da hankalinsu, aiki na nan daram, manaja ce ba ta gari. Abin da sakatariya ta so faɗa shi ne tun ranar Litinin da hantsi direba ya sauke kujeru sittin, kuma mai shago ya sa hannu ya karɓa.

Bayan mako biyu Hajiya ta kira da kanta. Na-Gane ya ɗauka da fara'a yana jero gaisuwa, ita kuwa ko amsawa ba ta yi ba. Ta ce ba ta taɓa ganin cin amana irin wannan ba. Yadin ba shi suka yi magana ba, ɗinkin ya karkace kamar hanyar maciji, soson kuma tsoho ne aka juya aka mayar. A wurin taron wani babban baƙo ya zauna, ƙusa ta kama masa riga ta yage a gaban jama'a. Ta ce ta ɗauki hoton komai ta sa a ƙarƙashin sunansa don kada wani ya sake faɗawa.

Na-Gane ya rantse mata da Allah bai ga kujera ko ɗaya ba, ga yadinta nan a naɗe ko almakashi bai taɓa shi ba. Ta ce direbanta ya bi taswira kamar yadda shi da bakinsa ya ce, ya ga allo da sunansa, a lungun bayan gidan mai.

Ko hula bai tsaya ɗauka ba ya tari abin hawa. Yana shiga lungun ya ga kujeru jere a baranda kamar zamaninsa, ga tsohon allonsa a sama, har an goge masa ƙura. Mai Gemu na zaune a kan sabon benci, ya yi ƙiba, ya sayi agogo. Na-Gane ya dira a kansa da faɗa, mutane suka taru. Mai Gemu bai ko ɗaga murya ba.

"Malam, ni ban taɓa ce wa kowa ni ne kai ba. Mota ta tsaya, a ce ga kujera, in ce bismillah. Wasu ma cewa suke kai ka turo su, ka ce su bi taswira. Ni na ɗauka alheri kake yi mini, har ina cewa wata rana zan je in yi godiya."

Masu kallo suka kwashe da dariya. Wani dattijo ya ce wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na-Gane ya hau benci ya ɓalle allonsa, ya saɓa a kafaɗa ya fito daga lungun, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

A ranar ya kira Auta, ta baro kwas ta zo washegari da safe. Ba ta ko kalli ƙatuwar kwamfutar ba. Wayarta ta ciro, ta rubuta sunan shagon kamar yadda baƙo zai rubuta, ta miƙa masa. Ga jar alama can a lungun bayan gidan mai, inda ta dasa ta tun ranar farko. A ƙasa kuma taurarinsa sun zube daga biyar zuwa biyu. Mutum talatin da ɗaya sun rubuta, kowa da hoton kujerarsa: mai cewa an cuce shi, mai cewa hotunan shafin na sata ne, mai cewa tsohon yabon duk sayensa aka yi. Wata uku ana rubuta wannan, shi kuwa bai taɓa leƙawa ba, don a ganinsa ya riga ya san abin da ake faɗa a kansa. Ya karanta guda huɗu, idonsa ya cika da hawaye, ya kasa ci gaba.

Auta ta tausaya masa ƙwarai, ba ta ce da ma na faɗa maka ba. Ta karɓi takardar lambar sirri, ta shiga, ta goge tsohon adireshi ta rubuta sabo, ta sa yatsa ta ja jar alamar zuwa bakin sabon titi. Shayin da aka zuba mata bai huce ba ta ce an gama. Ya tambaye ta ko shi ke nan, ta ce shi ke nan, abin da ya rage kawai masu taswira su tabbatar nan da 'yan kwanaki. Sharhin mutane kuwa ba ta da ikon gogewa, sai dai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ba da haƙuri, ya bayyana abin da ya faru, wanda ya yarda ya janye.

Ya fara da Hajiya. Ya je otal da kansa, ya ce a ba shi kujerun ya sake su kyauta. Ta saurare shi har ƙarshe, ta yarda ba shi ya yi aikin ba, ta kuma cire abin da ta rubuta. Amma ta ce kujeru sittin tuni suna wurin wani kamfani, kuma na ɗakunan ma an sa hannu da su jiya.

"Malam, na ga hannunka yana da kyau. Amma wata uku kana aika mutane ƙofar wani ba ka sani ba. Ni kayan otal amana ne a wurina."

Ya koma shago ya tarar da maɗinkan nan uku zaune a kan tulin soso suna jiran labari. Mutane ne masu iyali, kuma shi ya raba su da wuraren aikinsu. Ya tsaya a gabansu ya gaya musu babu aikin otal, kuma ba zai iya riƙe su ba. Babbansu ya naɗe tef ɗin awonsa ya sa a aljihu, ya ce wurin da ya baro an riga an ɗauki wani.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, gwaninta a sana'a ɗaya ba ta mayar da mutum gwani a komai, kuma matambayi ba ya ɓata. Mai ƙaramar sana'a da ya sa kansa a intanet ya sani cewa adireshi da lambar waya da lokacin buɗewa ba sa gyara kansu, kuma babu tsadar kwamfutar da za ta gyara masa su. In ka tashi, ka canza adireshi a shafi da taswira a ranar, ka cire allonka daga tsohuwar ƙofa. Lokaci zuwa lokaci ka ɗauki waya ka nemi shagonka kamar kai baƙo ne, ka ga inda za a kai ka, ka karanta abin da ake faɗa a kanka. Fiye da duka, in wanda ya fi ka sani ya fara magana, ka bar shi ya kai aya. Minti ɗaya na sauraro da Na-Gane ya ƙi bayarwa shi ya cinye masa sunan da ya yi shekara ashirin yana ginawa, ya kuma taɓa abincin mutanen da ba su ji ba ba su gani ba.